Waya, Tarko da DNA: Yadda Ake Gano Sunayen Ƙwarin Afirka ta Yamma

A ƙarshen watan Janairun 2016 aka fara ganin wata irin ɓarna a gonakin masara na kudu maso yammacin Najeriya, har da gonakin gwaji na cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan. Ganyen masara ya huhhuje, tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa kuma ta cika da kashin tsutsa mai kama da garin katako. Da farko an ɗora laifin a kan 'yan gida, domin Afirka na da nata tsutsotsin masu cin hatsi, kuma manoma sun daɗe da saninsu. Sai da masana suka kwashi tsutsotsin, suka rene su har suka rikiɗa suka yi fiffike, suka feɗe su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka kuma gwada DNA ɗinsu, sannan gaskiya ta fito. Baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, sunanta a kimiyyance Spodoptera frugiperda. Georg Goergen, masanin ƙwari a reshen IITA na Kwatano, shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon a watan Oktoban shekarar.

Kafin shekara biyu ta cika, tsutsar ta mamaye kusan dukkan ƙasashen Afirka na kudu da Sahara. A 2018 ta ɓulla a Indiya, a farkon 2019 ta shiga ƙasar Sin, a 2020 ta isa Ostireliya.

Wani zai ce, to mene ne amfanin sunan? Tsutsa dai tsutsa ce, a fesa magani a huta. Amma a harkar ƙwari, suna shi ne mabuɗin duk abin da aka sani game da halittar. Takwararta ta gida, Spodoptera exempta, tana zuwa ne dandazo-dandazo a wasu shekaru, ta ci ciyawa da hatsi a fili, ta wuce. Baƙuwar kuwa zama take yi muddin akwai masara, kuma tana shigewa can cikin tsakiyar shuka inda feshi ba ya saurin isa. A ƙasarta ta asali an riga an san ta jure wa magunguna da dama. Manomin da ya ɗauke ta a matsayin 'yar gida zai kashe kuɗinsa a kan feshin da ba zai taɓa ta ba. Ranar da aka tabbatar da sunan, ranar ce aka samu damar buɗe tarin binciken da Amurkawa da Barazilawa suka yi a kanta shekaru aru-aru, domin tun 1797 aka raɗa mata suna a littattafan kimiyya.

Tsohuwar hanya: koma, allura da akwatin gilashi

Ƙwarin da masana suka ba suna zuwa yau sun kai kimanin nau'i miliyan ɗaya. Wani ƙiyasi da ake yawan kafa hujja da shi, na shekarar 2018, ya ce waɗanda ke duniya za su kai miliyan biyar da rabi. Wato a cikin kowane nau'i biyar, huɗu ba su da suna tukuna, kuma mafi yawansu suna ƙasashe masu zafi ne.

Yadda aka saba aikin ba ya da sauri. Mai bincike zai fita da komar kama ƙwari, ko ya kafa tarko mai kama da ƙaramin tanti wanda ke tura duk ƙwaron da ya yi karo da shi zuwa cikin kwalba. Wani ɗan ƙasar Suwidin, René Malaise, ya ƙirƙiro wannan tarko a shekarun 1930, kuma har yau da shi ake aiki. Daga nan a soke ƙwaron da siririyar allura, a busar, a maƙala masa 'yar takarda mai ɗauke da wuri da rana da sunan wanda ya kama. Sai a zauna gaban madubi ana bin littafin tantancewa tambaya bayan tambaya: jijiyoyin fiffike nawa ne, gashin ƙafa a jere yake ko a warwatse. Idan an kai ƙarshe ana shakka, sai a kwatanta da wanda ke ajiye a gidan adana ƙwari.

Irin waɗannan gidaje ba su da yawa a Afirka ta Yamma. Akwai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, inda ɗalibai da masu bincike daga jami'o'in Arewa ke kai ƙwarinsu a tabbatar musu da suna. Akwai na IITA a Kwatano, wanda ke cikin mafi girma a yankin. Sai dai yawancin samfurori na asali, wato ainihin ƙwaron da aka duba aka raɗa wa nau'in suna, suna cikin akwatunan gidajen tarihi na Landan da Paris da sauran biranen Turai tun zamanin mulkin mallaka. Masanin da ke Kano ko Yamai da ke son ya tabbatar ko buzuzun da ke hannunsa sabo ne ga kimiyya, sau da yawa sai ya nemi biza, ko ya jira wani ya ɗauko masa hoto daga can. Su kansu masu wannan ilimi 'yan ƙalilan ne, kuma kowannensu ya ƙware ne a kan dangi ɗaya ko biyu.

Wannan giɓi ne masu ƙera manhajoji suka hango.

Abin da kyamarar waya ke iya yi

A watan Maris na 2018, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da manhajar Android mai suna FAMEWS domin bin sawun baƙuwar tsutsar. Tsarinta mai sauƙi ne. Malamin gona ko manomi zai ratsa gona, ya tsaya a wurare biyar, ya duba shuka goma a kowane wuri, ya shigar da adadin waɗanda tsutsa ta taɓa. Manhajar ta lissafa kashi nawa cikin ɗari na gonar ya kamu, ta haɗa da wurin da GPS ɗin wayar ya nuna, ta ajiye har sai an samu intanet ta tura. Ana kuma shigar da adadin mazan da suka faɗa tarkon da aka sa wa ƙamshin da macen ke fitarwa don jawo namiji. Daga irin waɗannan rahotanni ake zana taswirar inda annobar ta yi ƙamari.

A shekarar dai, ƙungiyar PlantVillage ta Jami'ar Jihar Pennsylvania da ke Amurka, ƙarƙashin David Hughes, ta fito da Nuru. Sunan daga Suwahili aka ɗauko shi, ma'anarsa haske, kuma ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Nuru ta fara ne da gane cututtukan rogo, sannan aka koya mata gane ɓarnar tsutsar masara. Mutum zai ɗora kyamara a kan ganye, ita kuma ta zana akwati a kan wurin da take zargi. Babban abin da ya ɗaga darajarta shi ne, ƙwaƙwalwar da ke yin wannan hukunci tana cikin wayar ne, ba sai an hau intanet ba. Duk wanda ya taɓa neman sabis a tsakiyar gona a Giwa ko Dawakin Tofa ya san darajar wannan.

Ita wannan tsutsa ta yi wa masu manhaja sauƙi, domin tana da alamomi biyu da ido ke gani: zane mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i a kusa da wutsiyarta. Hoto mai kyau ɗaya ya wadatar. Matsala na farawa ne idan aka fita daga jerin shahararrun ƙwarin gona aka nufi sauran dubban da ke yawo a fadama da daji.

A nan manhajar da ta fi suna ita ce iNaturalist. Ta fara a 2008 a matsayin aikin kammala digiri na biyu na wasu ɗalibai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a 2017 kuma aka ƙara mata ƙirƙirarriyar basira mai duba hoto ta ba da shawarar suna. Tana da ƙanwa mai suna Seek, wadda ba ta buƙatar rajista. A iNaturalist ba kwamfuta ce ke da ta cewa ta ƙarshe ba. Mutum zai ɗora hoto da wuri da rana, manhaja ta yi hasashe, sannan mutane, cikinsu har da ƙwararrun masana, su tabbatar ko su gyara. Idan sama da kashi biyu cikin uku na masu dubawa suka yarda a kan suna ɗaya, sai bayanin ya cancanci shiga bincike, a tura shi babban rumbun bayanan halittu na duniya da ake kira GBIF, inda kowane mai bincike zai iya sauke shi kyauta.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙirƙirarriyar basira ba ta san komai ba sai abin da aka nuna mata. Kafin iNaturalist ta sa wani nau'i cikin waɗanda take ganewa, tana buƙatar kimanin hotuna ɗari nasa da mutane suka tabbatar. Mafi yawan masu ɗora hotuna kuwa suna Arewacin Amurka da Turai ne. Malam-buɗe-littafin da ke lambun wani a Ingila yana da dubban hotuna daga kowace kusurwa. Babe ko zanzaron da ke bayan gari a Daura ko Damagaram wataƙila ko hoto goma ba shi da shi. Idan an ɗora shi, manhaja mai gaskiya za ta tsaya a kan sunan dangi, ta ce wannan dai cikin fari yake. Wani lokacin kuma sai ta miƙo sunan wani mai kama da shi daga Indiya ko Afirka ta Kudu. Google Lens ya fi faɗawa wannan rami, domin shi hotunan intanet masu kama da juna yake jerowa, kuma ba ya jin kunyar ba da amsa. Duk wanda zai sayi magani ko ya rubuta rahoto bisa abin da waya ta faɗa masa a karon farko, yana caca ne da kuɗinsa.

Taswirar GBIF na nuna wannan rata ƙarara. Yammacin Turai ya cika maƙil da ɗigogi, Afirka ta Kudu da Kenya suna da nasu, amma daga Sakkwato zuwa tafkin Chadi sai ɗaiɗai. Ba ƙwarin ne babu ba. Masu ɗauka ne babu.

Sauro: inda ido da kyamara suka gaza

Akwai kuma ƙwarin da ko hotuna miliyan aka tara ba za a raba su ba. Manyan masu yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka ta Yamma, wato Anopheles gambiae da Anopheles coluzzii da Anopheles arabiensis, kamarsu ɗaya sak ko a ƙarƙashin madubi. Sai a 2013 ma aka ba coluzzii suna nasa na kansa. Amma halinsu ya bambanta. Arabiensis ya fi 'yan'uwansa yarda ya ciji dabba, ya kuma yi cizo a waje, don haka gidan sauro da feshin ɗaki ba sa kama shi kamar yadda suke kama sauran biyun. Jami'in lafiyar da bai san wanne ne ya fi yawa a ƙaramar hukumarsa ba, yana raba kayan yaƙi ne ba tare da ya san abokin gaba ba. Hanyar raba su ita ce gwajin PCR a ɗakin bincike.

Sannan ga wani baƙon. Anopheles stephensi sauron Kudancin Asiya ne da yankin Larabawa. An gan shi a Jibuti a 2012, shekarar da ƙasar ta samu mutum 27 kacal da zazzaɓin, tana dab da kawar da shi. Zuwa 2020 adadin ya haura 73,000. An same shi a Habasha da Sudan a 2016, a Somaliya a 2019, a jihar Gombe a 2020, a Gana da Kenya a 2022. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa tun 2019. Abin tsoro game da shi, ɗan birni ne. Sauron zazzaɓi na gida ya fi son kududdufin damina a karkara, shi kuwa wannan yana hayayyafa a tankin ruwa da duro da rijiyar siminti da ramin ruwan magina, har cikin rani. A biranen da kowane gida ke tara ruwa saboda famfo ba ya zuwa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kuma ma'aikacin da aka horar a kan sauron gida kaɗai zai iya kama shi ya rubuta shi da sunan gambiae, ya wuce.

Masu fasaha sun gwada shiga ta kunne. Kukan da sauro ke yi a kunnen mai barci bugun fiffikensa ne, sau ɗaruruwa a daƙiƙa ɗaya, kuma sautin namiji ya fi na mace siranta. A 2017 ƙungiyar Manu Prakash ta Jami'ar Stanford ta nuna cewa ko ƙaramar waya mai madannai na iya naɗar wannan sauti da kyau har a yi hasashen nau'in sauron. Sun kira shirin Abuzz. Jami'ar Oxford ma na da nata, HumBug, wanda ke sa waya a jikin gidan sauro ta saurara dare guda. Dabarar na da ban sha'awa, amma zafi da shekarun sauron da girmansa duk suna sauya sautin, nau'o'i da yawa kuma sautinsu na shiga na juna. Balle a ɗakin da fanka ke juyawa, janaretan maƙwabci na ruri. Ya zuwa yanzu kunne na iya cewa akwai sauro, har ya yi hasashen danginsa, amma bai kai ya maye gurbin ɗakin bincike ba.

Lambar da ke cikin jiki

A 2003 Paul Hebert na Jami'ar Guelph da ke Kanada ya kawo shawarar a riƙa gane dabbobi ta hanyar karanta wani ɗan guntun DNA guda, mai haruffa kusan 650, kamar yadda na'urar kanti ke karanta layukan da ke jikin kwalin kaya. Ƙafar ƙwaro ɗaya ta isa. A karanta guntun, a kwatanta da rumbun bayanai mai suna BOLD, a ga da wa ya dace. Hanyar na aiki ko da ƙwai ne ko tsutsa, matakan da ido ya fi shan wahala a kansu. Da irinta aka ƙarfafa hujja a kan tsutsar masara a 2016.

Na'urorin karanta DNA sun ƙanƙance ƙwarai. MinION ta kamfanin Oxford Nanopore ba ta kai wayar hannu nauyi ba, ana soka ta a kwamfutar tafi-da-gidanka ta kafar USB, kuma an yi aiki da ita a Gini lokacin annobar Ebola a 2015. Sai dai sinadaran da take ci suna da tsada, da dala ake sayensu, kuma suna son sanyi, abin da ke da wuya inda wuta ke zuwa sa'o'i kaɗan a rana. Sannan matsalar hoto ta sake dawowa da wata riga: rumbun zai ba da suna ne kawai idan wani ya taɓa kama irin ƙwaron, masani ya tabbatar da shi, aka karanta DNA ɗinsa aka ajiye. An gane tsutsar masara nan take ne saboda a Amurka an daɗe da yin wannan aiki a kanta. Ƙwaron Sahel da ba wanda ya taɓa dubawa, amsar da zai samu ita ce babu mai kama da shi.

Wani bincike da aka yi a Mali ya nuna irin abin da ke ɓoye idan an tashi dubawa da gaske. Masana sun daɗe suna mamakin inda sauron Sahel ke shiga a watannin rani da babu ko ɗigon ruwa a ƙasa, da yadda yake dawowa da zarar damina ta sauka. Ƙungiyar Tovi Lehmann ta cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, tare da masanan Bamako, suka ɗaura raga mai danƙo a jikin igiyar manyan balan-balan masu iskar hiliyom, suka riƙa ɗaga su sama tsakanin mita 40 zuwa 290 da daddare a ƙauyuka huɗu. A tashi 617 suka kama ƙwari sama da 460,000, cikinsu akwai sauron Anopheles 235 na nau'i goma. Fiye da kashi 80 cikin ɗari mata ne, kuma kashi 90 na matan sun riga sun sha jini kafin su tashi. Lissafin iska ya nuna za su iya cin kilomita 300 a dare ɗaya. An buga sakamakon a mujallar Nature a 2019. Ma'anarsa, garin da ya kawar da sauronsa tsaf na iya wayar gari da baƙi daga wata ƙasa. Kayan aikin kuwa balan-balan ne da igiya da danƙo, sai haƙurin mutanen da suka zauna suna ɓanɓaro ƙwari ɗaya bayan ɗaya daga raga.

Fara da kwamfutar hannu

Idan ana neman inda fasaha ta zauna daram a wannan fanni, to harkar farin ɗango ce. Nijar ba ta manta 2004 ba, lokacin da fari suka haɗu da ƙarancin ruwa suka jawo yunwar 2005. FAO ta ƙiyasta cewa dandazon fari mai faɗin murabba'in kilomita ɗaya na cin abincin da zai ishi mutum 35,000 a rana.

Wahalar gane wannan fara ita ce tana da fuska biyu. Idan tana ita kaɗai, launin ƙasa gare ta, tana gudun 'yan'uwanta, ba ta da wata barazana. Idan ruwa ya sauka a hamada, ciyawa ta fito, suka yawaita, sannan ciyawar ta fara bushewa suka cunkushe wuri guda suna gogar ƙafafun juna, cikin 'yan sa'o'i halinsu ke juyawa. 'Ya'yan da ke kore su koma baƙi da rawaya, manya su yi ja-ja, daga baya su yi rawaya idan sun isa yin ƙwai. Sauyin ya kai har masanan da suka gabata suna ɗaukar kamannin biyu a matsayin halittu daban-daban, sai da Boris Uvarov ya warware zancen a 1921 a kan wata fara 'yar'uwarta. Don haka mai sintiri ba suna kaɗai yake nema ba, yana duba launi da yawa da hali.

A 2015 jami'an yaƙi da fara na ƙasashen hamada, har da na cibiyar Nijar masu shiga Tamesna da Ayar daga Agadas, suka fara aiki da eLocust3, kwamfutar hannu mai jure ƙura da zafi, haɗe da eriyar tauraron ɗan'adam a kan mota. Jami'i zai shigar da abin da ya gani, danshin ƙasa da koren ciyawa da matakin da farin ke ciki, cikin mintuna bayanin ya isa hedikwatar ƙasa, daga nan ya wuce ofishin FAO a birnin Rum, inda ake haɗa shi da hotunan tauraron ɗan'adam a fitar da hasashe. Da annoba ta ɓarke a Gabashin Afirka a 2020, mafi muni da Kenya ta gani cikin shekara 70, aka yi sauri aka fitar da eLocust3m ta wayar hannu domin mutanen gari su ma su riƙa turo hoto. Abin da ke rage wa tsarin ƙarfi a Sahel yanzu ba na'ura ba ce, rashin tsaro ne da ya hana motocin sintiri shiga wasu wuraren da farin ke ƙyanƙyasa.

A ƙasar da ake soya fara da yaji ana sayarwa a kasuwannin Maiduguri da Kano da Maraɗi, taswirar inda aka yi feshi ma bayani ne da ya kamata ya isa ga masu kama ta da masu saye.

Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba

Manomin da ya ga ƙwaro a gonarsa yakan fara tunanin famfon feshi ne. Amma a yankin Maraɗi an ga amfanin sanin na kirki. Akwai tsutsar da ke bin zangarniyar gero tana sassaƙa ta a murɗe, Heliocheilus albipunctella, wadda ke yi wa manoman Sahel mummunar asara. Masana na cibiyar INRAN da Jami'ar Maraɗi da ICRISAT, irin su Ibrahim Baoua da Malick Ba, sun yi shekaru suna aiki da wata 'yar mitsitsiyar rina ta gida, Habrobracon hebetor, wadda ke harbin tsutsar ta sandare, ta sa ƙwanta a jikinta. Ana kiwon rinar a cikin 'yan buhunan algarara masu ɗauke da gero da wata tsutsar da take ci, a rataye su a kewayen ƙauye, 'ya'yan su fito su bazu cikin gonaki. Haka ma a 2019 aka ba da rahoton cewa Telenomus remus, wata rinar da ke lalata ƙwan tsutsar masara, wadda ake ta shawarar shigo da ita daga waje, ashe tana nan a Afirka, har da Nijar da Benin. Ba a sani ba ne saboda ba a duba ba. Feshin kan mai uwa da wabi yana kashe waɗannan tun kafin ya kashe tsutsar da ke ɓoye.

Bahaushe kuma ba jahilin ƙwari ba ne. Harshen ya raba gara da zago da shinge, ya raba tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, ya raba rina da zanzaro, fara da babe. Da tsutsar tumatir Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir, manoma ba su jira masana ba, suka raɗa mata suna sharon. Manhajar da ke ba da amsa da Latin ko Turanci kaɗai ta bar wannan ilimi a waje. iNaturalist na ba masu amfani da ita damar ƙara sunayen halittu a harsunansu, amma sai an samu masu zama su yi, kuma su yi da hankali, domin sunan Hausa ɗaya kan rufe nau'o'i da yawa, wani sunan kuma na Katsina daban da na Damagaram.

Me mai waya zai iya yi?

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Yawancin wayoyin Android na yanzu, har masu sauƙin kuɗi na Tecno da Infinix da Redmi, suna iya ɗaukar abu daga kusa, akwai kuma ƙaramin gilashin ƙara girma da ake maƙalawa a kan kyamara. Sanyin safiya ya fi, lokacin da ƙwari ba su warware ba. Hoto ɗaya daga sama ba ya isa. Masu tantancewa na son ganin baya da gefe da fuska, da wani abu a kusa da zai nuna girma, ko da ƙwayar ashana ce. Sunan shukar da aka same shi a kai na rage musu rabin aiki. A bar GPS a kunne, domin hoton da ba wuri ba rana ado ne kawai, ba shi da amfani ga bincike. Wanda ya ɗauka a gidansa kuma ba ya son duniya ta san ƙofarsa, manhajar na da zaɓin ɓoye ainihin wurin. Ana iya ɗauka a gona a ajiye, a tura idan an samu sabis.

Da daddare, farin zane a jikin bango da fitilar caji sun isa su tara ƙwarin da mutum bai taɓa sanin suna unguwarsu ba, musamman a farkon damina. A Birtaniya da Holan an riga an mayar da wannan dabara na'ura: akwati mai fitila da allo da kyamara da ƙaramar kwamfuta, yana aiki da hasken rana, yana ɗaukar hoton duk abin da ya sauka har gari ya waye. Abin da ya zaburar da su shi ne binciken da wata ƙungiyar masu sha'awar ƙwari ta garin Krefeld a Jamus ta yi, wanda aka buga a 2017. Shekara 27 suna kafa tarkon Malaise a wurare 63 da aka keɓe, suna auna nauyin abin da ya faɗa, suka tarar ya ragu da fiye da kashi 75 cikin ɗari. Yawancinsu ba ma'aikatan jami'a ba ne, mutanen gari ne masu ajiye kwalabe da littafin rubutu.

Dattawa a ƙasar Hausa kan ce shinge da gyare ba su kai na da yawa ba, wasu kuma su ce sauro ya ƙaru. Babu ma'aunin shekaru irin na Krefeld daga dausayin Haɗejiya da Nguru, ko dajin Falgore, ko gonakin Kadawa, da za a ɗora wannan magana a kai. Sakandaren kimiyya ɗaya a kowace jiha, da malami ɗaya mai waya da ɗalibai talatin, za su iya tara hotuna ɗarin da manhaja ke nema na nau'o'i da dama a cikin damina guda.